Google Sheets a hannun jagoran ayarin Umara: abin da yake fallasawa da abin da yake rufewa

Rigimar ayarin Umara ba kasafai take tashi a kan kuɗin jirgi ko na biza ba. Waɗannan an biya su tun a Kano ko Yamai, kowa da rasit ɗinsa. Inda ake ɓatawa shi ne ƙananan kuɗin da ake tarawa bayan an sauka Jidda ko Madina: na abincin da za a riƙa kawowa masauki, na motar ziyara, na tasi zuwa Masallacin A'isha a Tan'im, na keken tura tsofaffi a ɗawafi da sa'ayi. Jagora ya karɓa ya zuba a jakar wuyansa, yana kashewa yana ta hidima, ana gobe komawa wata dattijuwa ta tare shi a bakin lif ta ce, "Malam, to ina kuɗin motar Ji'irana da ba mu je ba?" Daga nan sai kame-kame, ko da kuwa bai ci sisin kowa ba. Da yawan jagororin nan ba ɓarayi ba ne. Rubutu ne ba su yi ba, ko kuma sun yi shi a inda su kaɗai ke gani.

Saboda wannan ne muka zaunar da Google Sheets, manhajar jadawalin lissafi, muka auna shi da ma'auni ɗaya: shin zai sa mutum arba'in da suka damƙa wa mutum ɗaya kuɗinsu su ga inda kowane riyal ya shiga? Amsarmu ita ce eh, kuma a cikin kayan da ake samu kyauta shi za mu fara miƙa wa jagora. Sai dai yadda mutane suka saba raba shi, wato jagora ya tura linki a zauren WhatsApp ya ce kowa ya duba, ba ya tabbatar da komai. Akwai ƙofar baya da aka bari a buɗe, za mu zo kanta.

Manhajar ta Google ce, tun 2006 take. Duk mai adireshin Gmail yana da ita ba tare da biyan ko halala ba, tare da rumbun ajiya na gigabait 15 da Gmail da Drive da Google Photos suke ci tare. Tana aiki a waya da kwamfuta. Fayil ɗaya yana ɗaukar gurabe har miliyan 10, mutum 100 kuma na iya buɗe shi lokaci guda, don haka maganar cikawa ba ta taso ba ga ayarin bas ɗaya ko biyu. Fuskarta akwai Larabci, akwai Turanci da Faransanci, babu Hausa. Abin da za ka rubuta a ciki dai Hausarka ce, har da ƙ da ɗ da ɓ idan ka sa allon rubutun Hausa na Gboard.

Yadda za a shimfiɗa shi

A yi wannan aikin a kwamfuta tun kafin a taso, domin wasu saitunan ba sa samuwa a manhajar waya. Abu na farko, kafin a rubuta ko da suna ɗaya, a shiga saitin fayil a gyara ƙasa da agogo. Idan fayil ɗin yana kan tsarin Amurka, wata ne ke gaba da rana, sai ka rubuta 3/4 kana nufin 3 ga Afrilu ya karanta maka 4 ga Maris. A zaɓi tsarin Birtaniya, rana gaba, wata baya. Agogo kuma a mai da shi na Riyad, wanda ke gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. In ba haka ba abin da aka shigar da ƙarfe ɗaya na dare bayan an dawo daga Harami zai fito a tarihin fayil da kwanan jiya. 'Yan uwanmu na Nijar su lura: a tsarin Faransa waƙafi ne ke raba riyal da halala, ba ɗigo ba, kuma alamar da ke raba sassan fomula ma ta bambanta. Ayari ya tsaya a kan tsari ɗaya.

Shafi uku sun isa. Na farko a kira shi Shiga: ginshiƙin A lambar mutum, B sunansa, C kwanan wata, D abin da ya bayar da irin kuɗin da ya bayar, E farashin canji, F daidai da riyal nawa, G wanda ya karɓa. Na biyu Fita: A kwanan wata, B nau'i, C bayani, D riyal, E wanda ya biya, F da hannu aka biya ko da shabaka (katin banki), G linkin hoton fatura (rasit). Na uku Taƙaitawa, shi kuma ba a rubuta lamba da hannu a cikinsa ko kaɗan, fomula ce zalla: =SUM(Shiga!F2:F) ta tara abin da ya shigo, =SUM(Fita!D2:D) ta tara abin da ya fita, a cire na biyu daga na farko a ga ragowa. Don sanin abin da kowane nau'i ya ci, =SUMIF(Fita!B:B,"Abinci",Fita!D:D), sai a maimaita wa mota, tasi, keke, magani.

A lura da yadda muka bar ƙarshen F2:F a buɗe. Masu rubuta F2:F41 saboda mutum arba'in ne sukan sha mamaki ranar da na arba'in da ɗaya ya biyo ayari daga baya: an rubuta kuɗinsa a layi na 42, jimilla ba ta motsa ba, jaka ta fi lissafi da riyal 300, kuma ba wanda ya san daga ina.

Lambar mutum ta fi sunansa amfani. A ayari ɗaya za ka samu Hajiya A'isha uku da Alhaji Sani biyu, sannan mai rubutu yau ya sa Muhammad, gobe Muhammadu, jibi ya bar fili a ƙarshen suna bai sani ba. A wurin kwamfuta waɗannan mutum uku ne. Haka ma nau'in kashe kuɗi: "Abinci" daban, "Abincin rana" daban, SUMIF za ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya ba tare da ta yi gargaɗi ba. Maganinsa a mai da ginshiƙin B na shafin Fita jerin zaɓi, mai shigarwa ya taɓa ya zaɓa, ba ya rubuta ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne rubuta "250 riyal" a gurbin kuɗi. Da zarar harafi ya shiga, gurbin ya zama rubutu, SUM kuma tsallake rubutu take yi shiru. Alamar ganewa a fili take: lamba tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Wanda wayarsa ke kan allon Larabci ya duba wannan alamar duk lokacin da ya shigar da kuɗi, gwamma ma ya koma lambobin boko. Lambar waya kuwa akasin haka take so: 05 na Saudiyya da 080 na Najeriya sifirinsu na farko ɓacewa yake yi sai an mai da gurbin na rubutu tukuna.

Kwanan wata a shigar da shi da hannu, ko a kwamfuta a danna Ctrl da alamar ; tare. Kada a yi amfani da fomular TODAY, domin kullum sabunta kanta take yi, gobe duk kashe-kashen jiya su koma na gobe. Kwanan Hijiriyya kuma, wanda ake yawan gani a takardun Saudiyya, Sheets ba ya lissafa shi kamar yadda Excel ke yi. Wanda ke buƙatarsa ya buɗe masa ginshiƙi daban a matsayin rubutu. A nan Excel ya fi shi, kuma ba mu ga dalilin ɓoye hakan ba.

Ƙofar bayan

Ana raba fayil da mataki uku: mai kallo, mai sharhi, mai gyara. Abin da jagora zai yi cikin hankali shi ne ya ba jama'a kallo, ya riƙe gyara. Daidai ne. Linkin kallo yana buɗewa a kowace waya ko da mutum ba shi da Gmail, kuma ba mai iya taɓa lamba. Amma ga abin da mafi yawan mutane ba su sani ba: mai kallo ba ya ganin tarihin gyare-gyare. Sheets yana ajiye tarihin duk abin da aka canza, da sunan wanda ya canza, da lokacin, kuma wannan shi ne mafi darajar abin da ke cikinsa a wurin amana. Sai dai wanda ke da izinin gyara ne kaɗai ke iya buɗe shi. Wato jagora na iya rubuta motar Uhudu da Ƙuba 900 ranar Talata, ya mai da ita 1,100 ranar Alhamis, mutum arba'in masu kallo su ga 1,100 tamkar haka take tun farko. Wanda bai haddace lambar Talata ba, ba shi da hujja.

Fayil irin wannan allon talla ne kawai. Ya fi babu, amma bai ɗaure hannun kowa ba.

Gyaran shi ne a samu masu bincike biyu daga cikin ayari, waɗanda jama'a suka zaɓa da bakinsu a zaman farko, ba waɗanda jagora ya nuna ba. Ɗaya daga ɓangaren mata, domin su ne galibi suka fi yawa kuma su suka fi jin nauyin tambaya. A ba su izinin gyara ta adireshinsu na Gmail, sannan a kulle shafuffukan uku da saitin kariya yadda jagora da magatakardansa kaɗai ke iya shigar da lamba. Da haka masu binciken suna ganin tarihi, hannunsu kuma bai kai ga gurabe ba. A kwamfuta, Ctrl da Alt da Shift da H suna buɗe tarihin fayil gaba ɗaya. Danna dama a kan gurbi ɗaya kuma yana nuna tarihin wannan gurbin kaɗai: wane ya canza shi, daga nawa zuwa nawa. Su kuma kunna sanarwar imel, ko dai nan take ko dunƙule sau ɗaya a rana, don kada a taɓa fayil da tsakar dare ba su sani ba. Naƙasar da ke nan ita ce wannan binciken aikin kwamfuta ne, manhajar waya ba ta wadatar da shi, alhali ba kowane ayari ke tafe da laftof ba. Ko guda ɗaya ce a ɗakin magatakarda, ta wadatar.

Kada a kuskura a buɗe gyara ga duk mai linki. Wanda ya shigo ba da asusunsa ba, tarihi ba zai kama sunansa ba, sai dai ya nuna wani marar suna ya yi gyara. An rasa tsaro, an rasa shaida. A cikin saitin rabawa kuma a cire alamar da ke ba masu gyara damar ƙara wasu mutane, don a buɗe take zuwa.

Ko da an yi duk wannan, saura rami ɗaya. Kwafin fayil ba ya tafiya da tarihinsa. Mai son ɓatar da sawu sai ya kwafi fayil ɗin, ya gyara abin da yake so, ya turo sabon linki ya ce wancan ya samu matsala. Sabon fes yake, ba tabo. Don haka dokar ayari ta zama linki ɗaya daga ranar sauka har ranar tashi. In aka ga sabo, biri ya yi kama da mutum, a tambaya. Sannan kowane dare a fitar da shafuffukan a PDF a jefa su zauren WhatsApp. Wannan takardar ta daskare, ta sauka a waya arba'in, ba mai iya bin ta ya canza. Google da kansa ya ce yakan haɗe tsofaffin matakan tarihi wani lokaci don rage cin wuri, sai dai matakin da aka raɗa wa suna yana nan a ware. Sheets yana karɓar irin waɗannan har 15 a fayil ɗaya, kusan daidai da kwanakin Umara ta mako biyu: "Daren 1", "Daren 2", haka har ƙarshe.

Ɓoye shafi kuma ba sirri ba ne. Jagoran da ya ajiye lissafin ribarsa a ɓoyayyen shafi cikin fayil ɗin jama'a ya sani duk mai kallon da ya yi kwafi zai iya buɗe shi, sai fa in an rufe damar kwafi da saukewa. Haka nan lambar fasfo, hoton biza da lambar igama (takardar izinin zama) ba su da wuri a fayil ɗin da linkinsa ke yawo. Saudiyya tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023, kuma ko ba doka, ba wanda ya ba ka fasfonsa don mutum arba'in su gani.

Abin da ba a rubuta ba

Duk kyan manhajar, abin da aka shigar kaɗai take tarawa. Wurare uku ne kuɗi ke bi ta gefen littafi a wannan sana'a, kuma duk wanda ya daɗe a cikinta ya san su.

Na farko canji. Riyal a ɗaure yake da dalar Amurka a kan 3.75 tun 1986, don haka mai biya da dala lissafinsa bai da wuya, illa ɗan abin da mai canji zai rage. Naira ce mai rawa. Mu ɗauki misali, ba farashin kasuwa ba: jagora ya karɓi kuɗin mutane a kan naira 410 kowane riyal, shi kuma ya samu riyal a 400. A kan riyal 300, bambancin naira 3,000 ne ga mutum ɗaya, naira 120,000 ga mutum arba'in. Fayil zai nuna kowa ya biya 300, jimilla 12,000, komai daidai. Shi ya sa muka sa ginshiƙin E, kuma dole abin da ke cikinsa ya zama farashin da aka yi canjin da shi a ranar, tare da hoton shaidar tura kuɗi. Akwai fomular GOOGLEFINANCE mai jawo farashin canji daga intanet. A bar ta. Ba farashin mai canjin da ka tsaya gabansa ba ne, kuma motsi take yi, sai kuɗin da mutum ya biya makon jiya ya riƙa hawa da sauka a kan takarda.

Na biyu kamasho. Bas ya tsaya da ayari a ƙofar wani shagon dabino a Madina, kowa ya sayi ajwa da sukkari, mai shago ya san wanda ya kawo masa kasuwa. Na uku rangwame da kyauta: mai masauki ko mai dafa abinci ya ce tunda kun kai arba'in, na jagora kyauta ne, ko ya rage wani abu daga jimilla.

Ba muna cewa jagora ya yi aiki a banza ba ne. Mutumin da ke tashi ƙarfe uku na dare neman tsohon da ya ɓace tsakanin Misfala da Ƙofar Sarki Abdul'aziz, ya kai marar lafiya asibiti, ya yi tafinta, ya sha faɗan direba, ya cancanci lada mai kauri. Abin da muke cewa shi ne ladan ya samu layinsa. A buɗe nau'i mai suna "Ladan jagora" a shafin Fita, a faɗi adadinsa tun zaman farko. Kamasho da rangwame su shiga shafin Shiga da sunansu, jama'a su yanke ko a bar masa ko a raba. Sau da yawa cewa za su yi, "Haba Malam, ai riƙe abinka, Allah ya saka da alheri." Riyal 500 da aka faɗa a gaban kowa kyauta ce. Ita ɗin dai in aka ji ta daga bakin yaron shago bayan kwana uku, sunanta ya canza, kuma sauran layukan fayil ɗin duka sun shiga zargi, har waɗanda ke da fatura.

Fatura da ƙirgen dare

Tun 4 ga Disamba 2021 hukumar zakka da haraji da kwastan ta Saudiyya, ZATCA, ta wajabta fatura ta na'ura, kuma wadda ake ba mai saye a kanti tana ɗauke da tambarin QR da lambar harajin mai shago mai lamba 15. Wannan ya sauƙaƙa wa mai bincike aiki ƙwarai, don manhajar hukumar tana karanta tambarin. Sai dai takardar irin mai zafi ce, rubutunta dushewa yake yi, balle ta kwana biyu a aljihu cikin ranar Makka. A ɗauki hotonta kafin a bar bakin kanti, a zuba a jaka ɗaya a Drive, a liƙa linkin a ginshiƙin G. A tuna a buɗe wa jama'a kallon jakar ita ma, in ba haka ba duk wanda ya taɓa linki sai ya tarar da ƙofa a rufe.

Dariba, wato harajin VAT, kashi 15 cikin 100 ce tun Yulin 2020. A riƙa rubuta jimillar da aka biya har da ita. Wanda ke son sanin asalin farashi ya raba jimilla da 1.15: riyal 1,150 ya koma 1,000. Cire kashi 15 daga 1,150 yana ba da 977.50, kuskure ne da ke haddasa musu a banza.

Mai tasi, mai tura keke, da matar da ke dafo wa ayari tuwo da miyar kuka daga gida ba su da fatura. A nan sai a koma ga shaida: a ginshiƙin bayani a rubuta lambar mutumin ayari da aka biya a gabansa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, amma abubuwa biyun da ta ɗora a kai, rubutu da shaidu, su ne dai ake buƙata a nan.

Kowane dare bayan Isha'i, kafin a fitar da PDF, a ƙirga jaka a gaban masu bincike. A ce daren huɗu ne: an tara 12,000, an kashe 4,310, Taƙaitawa ta ce saura 7,690. Idan jagora mazaunin ƙasar ne mai asusun banki kuma 2,500 na can, to jaka ta ba da 5,190. Aka ƙirga aka samu 5,150. Giɓin riyal 40. A nan ne ake gane jagora. Hanya mai sauƙi ita ce ya ƙara 40 a kan kuɗin tasin jiya lissafi ya daidaita, kuma tarihin gurbin zai riƙe wannan har ranar da wani ya duba. Hanyar da ta dace ita ce sabon layi: "Giɓi, ba a gano ba, 40." In an tuna gobe cewa ruwa da lemo ne aka saya wa waɗanda suka jira bas a Jabalin Nur, sai a ƙara layi biyu, ɗaya ya soke giɓin da -40, ɗaya ya rubuta ruwan. Ba a goge layi, ba a canza tsohuwar lamba. Kuskure ma haka: an rubuta 520 maimakon 250, a bar shi, a sa -270 a ƙasa da bayani. Fayil ɗin zai yi ɗan muni, amma kowa zai iya bin sawunsa. Mu kam fayil ɗin kwana goma sha huɗu da ba gyara ko ɗaya a cikinsa ya fi ba mu tsoro.

Kuɗin banki kuma yana da nasa sharaɗi. Idan asusun jagora ne na kansa, wanda cefanen gidansa ke fita daga ciki, masu bincike ba za su iya tabbatar da 2,500 ɗin ba sai ya nuna musu bayanin asusu. Wanda ba ya son a ga wannan, ya riƙe kuɗin ayari a hannu kacokan, a akwatin ajiya na masauki.

Inda ya gaza

Sadarwa ce ta farko. A goman ƙarshe na Ramadan layin waya kusa da Harami cushewa yake yi, ko STC ne ko Mobily ko Zain, kuma tafiyar Makka zuwa Madina a bas ta wuce kilomita 400. Manhajar waya tana da zaɓin ajiye fayil don aiki ba intanet, a kunna shi tun a masauki. Abin da aka shigar zai hau idan layi ya dawo. Haɗarin shi ne mutum biyu su cike layi ɗaya kowa a wayarsa ba layi, in sun haɗu na ɗaya ya danne na ɗaya. Mutum ɗaya ya riƙa shigarwa a rana, ɗayan ya turo masa hotunan fatura.

Shigar da lamba a ƙaramar waya kuma aiki ne mai cin rai, yatsa na zamewa gurbin maƙwabci. A daskarar da layin farko da ginshiƙin suna don kada su ɓace idan ana ja. Wanda bai ƙware ba kada ya taɓa jera ginshiƙi ɗaya shi kaɗai, sai sunaye su juya kuɗi su tsaya, na Hajiya ya koma gaban sunan Alhaji.

Babbar gazawar dai ba ta na'ura ba ce. Kaso mai yawa na kowane ayari tsofaffi ne, wasu ajami suke karantawa, wasu wayarsu ta kira ce kawai, wasu kuma kunya ba za ta bar su su ce ba su gane jadawali ba. Linki bai isa gare su ba, PDF ma haka. Dole bayan ƙirgen dare ɗaya daga masu bincike, ba jagora ba, ya yi saƙon murya na minti ɗaya: yau an kashe kaza a kan kaza, saura kaza, mun ƙirga da idonmu. Duk kwana uku kuma a karanta shi a falon masauki, a ce, "Baba, Inna, akwai mai tambaya?" a kuma yi shiru a jira, ba a faɗa ana tattara takardu ba. Masu iya karatu a ba su matakin sharhi maimakon kallo, don su liƙa tambaya a kan gurbin da ya ɗaure musu kai, amsar ma ta zauna a wurin kowa ya gani.

Abu ɗaya da za a kiyaye: wannan tsarin na kuɗin hidimar ayari ne a tsakaninsu. Tara sadaka ko taimako daga jama'a ba tare da lasisi ba, laifi ne a Saudiyya, kyan lissafi kuma ba ya wanke shi. Mai son bayarwa akwai dandalin Ehsan na gwamnati tun 2021. Mai yanka kuma, shirin Adahi na Saudiyya yana ba da shaidar biya, wadda ita ya kamata ta shiga ginshiƙin G, ba "na ba wani ya yanka" ba.

Ga ayarin da bai kai mutum goma ba, littafi da biro a kan tebur inda kowa zai ɗaga sun fi sauƙi, kuma tawada ba ta goguwa ba tabo. Daga mutum goma sha biyar zuwa sama, musamman idan 'ya'yan alhazan suna gida suna son ganin inda kuɗin iyayensu ya tafi, Sheets ya cancanci wahalar shimfiɗa shi. Fayil ɗin ya kasance a asusun da ake buɗewa a kai a kai, don Google na iya share asusun da ya shekara 2 ba a taɓa ba, abin da aka jefa kwandon shara kuma kwana 30 yake yi ya tafi. A sauke PDF na ƙarshe a ajiye daban.

Rabon ragowa a yi shi a masauki ana gobe tashi, ba a filin jirgin Jidda ba inda kowa ke fama da awon kaya da jarkar Zamzam. A misalinmu, a ce an ƙare da kashe 10,640: abinci 6,400, motar ziyara 2,200, keke 800, tasi 740, magani da ƙananan abubuwa 500. Saura 1,360, kowa riyal 34. Wanda bai je wata ziyara da aka biya da kai-kai ba, a fara cire masa nasa kafin a raba sauran. Riyal 34 sau 40 yana buƙatar takardar goma guda 120 da ƙwandalar riyal biyu guda 80, kuma ba baƙalar (ƙaramin kanti) da za ta ba ka wannan a tashi ɗaya, don haka a fara tara canji tun saura kwana uku. A buɗe ginshiƙin ƙarshe a shafin Shiga mai suna "An mayar", a sa fomular ragowa ta cire jimillarsa, mai bincike yana kiran lamba, mutum yana karɓa, ana cikewa, har gurbin ragowa a Taƙaitawa ya nuna 0.